Lemun Tsami a Kan Lamba

Tun ranar da Malam Ƙasimu na Wagini ya mayar wa dattawan Safana goron neman auren ɗiyarsa Shafa'atu, bai sake kama sunan Maude da bakinsa ba. In magana ta zama dole, sai ya ce, "Yaron nan mai tsaga 'ya'yan mutane."

Ba wani aibi aka samu ga Maude ba. Ɗan manoma ne, mai sallah, mai gaida manya har ƙasa. Aikinsa ne kawai ya ja mashi. Hukumar En'e ta ɗauke shi malamin lamba, ta ba shi keke da ɗan akwatin ƙarfe, yana bin ƙauyukan Batsari da Safana yana yi wa yara 'yar tsaga a damtse, yana ɗiga ruwan maganin da Likita Bature ke aikowa daga Katsina don tsare agana. Malam kuwa ya ce wanda ya ɗauki wuƙar Nasara yana fitar da jinin yaro lafiyayye, ba zai haɗa zuriya da shi ba.

Shafa'atu ba yarinya ba ce. Ta yi aure, mijin ya rasu, ta gama takaba ta dawo gida, tana biya wa ƙananan yara karatu a makarantar allon mahaifinta. Malam da kansa yake karantar da cewa ba a yi wa bazawara dole, don haka bai ce sai ta auri Hashimu ba, falken hatsin nan na Ruma da mahaifiyarta Inna Atika ke so. Amma shi ne waliyyi, ya kuma ce Maude dai a'a. Haka aka zauna, ba gaba ba baya. Ita ta rame, Maude ya rame, Hashimu yana ta kawo tsarabar kasuwa ana karɓa ana godiya.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa ado ya shiga Ruma. Mutanenmu ba su kiran agana da sunanta, sai su ce ado, wai kada ta ji ta zo. Yaran da ba su ga wannan ciwo ba, su gode wa Allah su yi shiru. Shafa'atu dai ta san shi. Tana ƙarama ya kwantar da ita tare da wanta Ummaru. Ita ta tashi da zanzana cike da fuska, Ummaru bai tashi ba.

Hakimi ya aiko, mai gari ya sa aka yi shela: duk yaron makaranta, na elementare da na allo, a yi mashi lamba. Malam ba shi da ikon ja da mai gari. Da hantsi, yana hango keke, sai ya naɗe buzunsa ya shige masallaci, ya bar yara ƙarƙashin ceɗiya.

Shafa'atu ce ta riƙa riƙe ƙanana, Maude yana tsagawa. Bai ɗaga kai ba, ita ma ba ta ɗaga ba. Sai da zai rufe akwati ya ce a hankali, "Kada a sa masu komai a wurin, don Allah. Ko ruwa."

Ƙurar kekensa ba ta kwanta ba Inna Atika ta kira ta cikin gida, ta tura mata ƙwarya cike da lemun tsami yankakke.

"Ungo. Ki bi su ɗaya ɗaya ki matse a kan tsagar, ki goge sosai. Iyayensu mata sun aiko, a hannunmu suka bar amanarsu."

"Inna, ya ce kada a sa komai."

"Wa ya ce? Ke har kin fara bin umarninsa tun ba a shafa fatiha ba? Duk ƙasar nan haka ake yi. In an matsa lemu, dafin ya mutu, yaro ya kwana lafiya. Tashi, ina nan ina sauraren kukansu, don lemu a kan tsaga ba ya shiga shiru."

Shafa'atu ta ɗauki ƙwarya ta fita. Ta tsaya a soro, ta dubi yaran sun yi layi, kowa ya riƙe hannun riga. Fatarsu sumul, ba ɗigo ko ɗaya. Ta kai hannu ta shafa kumatunta.

Ta kama na farko, ta matse lemun can ƙasa kusa da gwiwar hannu, inda ba tsaga. Sa'an nan ta mintsine shi a cinya. Yaro ya tsandara ihu.

Daga cikin gida Inna ta ce, "Yauwa! Haka nake so!"

Haka ta bi su duka. Kowane yaro ya koma gida yana ƙamshin lemu, idonsa da hawaye, lambarsa kuwa ba abin da ya taɓa ta.

Kafin kasuwar Batsari ta sake zagayowa, gari ya rikice. Damatsan yara suka kumbura, ƙurji ya taso jawur a kan kowace tsaga, masassara ta kwantar da wasu. Makaranta ta watse. Larai matar maƙwabci ta shigo gidan Malam ko mayafi ba ta gyara ba, goye da ɗiyarta Safiyatu, jikin yarinya zafi rau.

"Inna, ba kin ce an matsa lemu ba? Dubi hannun ɗiyar nan!"

"Wallahi an matsa, da kunnena na ji kukansu."

"To wane irin abu ne wannan da ya fi ƙarfin lemu?"

Amsar tambayar nan, Hashimu ne ya kawo ta. Ya sauka daga jakinsa ya zauna a zaure, ya gaida Malam gaisuwa mai tsawo, sa'an nan ya sassauta murya. Shafa'atu tana bayan danga tana tankaɗe, tana jin komai.

"Allah gafarta Malam, ni mai yawo ne. Na ga an yi lamba a garuruwa, an matsa lemu, ba abin da ya tashi. Sai a makarantarka kaɗai? Makarantar mutumin da ya hana shi aure? Ni ban ce komai ba. Amma akwai masu cewa ba magani ya ɗiga masu ba, adon ne kansa ya ɗebo a Ruma ya dasa."

Da Malam ya buɗe baki, muryarsa ta yi nauyi.

"Gobe da safe zan tafi wurin mai gari, mu wuce gaban Hakimi. Sai an karɓe akwatin nan daga hannunsa. Ƙafarsa kuma ba ta ƙara taka Wagini."

Rariya ta suɓuce daga hannun Shafa'atu, gari ya watse a ƙasa.

Da la'asar Maude ya dawo duba lamba, kamar yadda aikinsa yake. Ba wanda ya amsa sallamarsa. Mata suna ganin keke suna jan yara cikin gida. Duk da haka ya ga hannuwa kaɗan a kan hanya, ya iso bayan gidan Malam fuskarsa cike da fara'a. Shafa'atu ta fito da tulu kamar za ta rijiya, ta tsaya nesa da shi kaɗan, ta ja mayafi.

"Shafa, kin ga abin da na gani? Ta kama! Duk wanda na duba ta kama. Tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin garin da ta kama haka ba. Ko'ina sai in dawo in tarar da tsaga ta bushe tana warin lemu. Mutanen Wagini Allah ya yi masu albarka."

"Albarka?" Hawaye suka zubo mata. "Maude, gobe za a kai ƙararka gaban Hakimi. An ce ado ka dasa wa yara don Baba ya hana ka ni."

Fara'ar ta gushe. Ya jingine keke da danga.

"Ni? In dasa wa yara ciwo? Shafa, wannan kumburin shi ne alamar lafiya. Masassarar kwana kaɗan ce, ƙurjin ya yi ɓawo ya faɗi, ya bar ɗan tabo. Mai wannan tabo, da ikon Allah, ko tabarma ɗaya ya kwana da mai agana ba ta kama shi."

"Ni ka daina yi mani wa'azi, na yarda tun tuni. Yardar tawa ce ta jawo maka wannan."

Ta gaya mashi komai, har da mintsinin. Maude ya tsaya baki buɗe. Dariya ta so ƙwace mashi, ya danne ta da hannun riga, sai ga idonsa ya kawo ruwa.

"Kika mintsini 'ya'yan mutane saboda ni?"

"Ba saboda kai ba. Kada kanka ya kumbura kamar hannun Safiyatu. Saboda fuskokinsu na yi."

"To na ji. Amma ki rufe maganar nan, daga ni sai ke."

"In rufe a kore ka?"

"A kore ni mana. Gonar ubana tana nan a Safana, ban manta riƙon fartanya ba. Wa ya sani, in na ajiye akwatin nan ma Malam ya sauko. Amma in aka ji ke kika saɓa wa Inna, kika yaudari matan gari, me za a ce? Za a ce mun haɗa baki a ɓoye. Sunanki zai ɓaci, sunan Malam ya ɓaci. Ni namiji ne, zan iya ɗauka."

"Ba za a ce ka ajiye aiki ba, Maude. Za a ce an kama ka da cutar da yara. Da wannan sunan za ka dawo neman aure gidan malamai? Kuma wanda za a aiko bayanka, wace uwa za ta miƙa mashi hannun ɗanta?"

Ta share fuska da gefen mayafi, tana ƙara jan shi kan kumatunta. Ya ce, "Don Allah ki daina rufe fuskar nan in kina gabana."

"Me za ka gani a ciki? Ramuka ne."

"Ni dai ita na gani na ce ina so. Ban san ki da wata ba, ba na kuma neman wata."

Ta juya mashi baya.

"Kada ka bar gari. Ka je ka zauna ƙofar mai gari har a neme ka."

"Shafa, me za ki yi?"

Ta koma gida da tulu ba ruwa.

Malam yana zaune bisa buzu a ƙofar ɗakinsa, yana jan tasbaha. Inna Atika na gefe tana kaɗi. Shafa'atu ta durƙusa nesa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Baba, ina da magana."

"Ina ji."

"Ban matsa lemu a kan lambar yaran nan ba. A gefe na matsa. Ba wanda ya sa ni, shi ma bai sani ba sai yau. Abin da ya ɗiga masu shi ne abin da yake ɗiga wa kowa. In akwai wanda za a kai gaban Hakimi, ni ce."

Mazari ya faɗi daga hannun Inna.

"La'ilaha illallahu! To kukan da na ji fa?"

"Mintsininsu na yi, Inna."

"Kin kashe ni, Shafa'atu! Da wane ido zan dubi Larai? Malam, ka ji abin da son yaron nan ya mayar da ɗiyarka?"

Malam ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Bai dubi Shafa'atu ba, ƙasa yake kallo.

"A gidan nan kika koyi cin amana?"

"A'a, Baba."

"Uwaye suka ba da 'ya'yansu, uwarki ta umarce ki, kika yi abin da ranki ya so. Don namiji."

"Ba don namiji ba." Ta sauke mayafinta har kafaɗa. "Baba, don Allah ka dube ni."

Bai ɗaga kai ba.

"Tun ina ƙarama, in za ka yi mani magana, gefe kake kallo. Da na ɗauka ƙyamata kake yi. Sai da na girma na gane ba ni kake gudun gani ba. Ɗaki ɗaya muka kwanta da Yaya Ummaru. Ina jin shi yana kiran ruwa, bakinsa ya cika da ƙuraje ba ya iya haɗiya. Ina jin ka kana yi mashi tofi har muryarka ta dushe. Ranar da na riƙe ƙwaryar nan, na dubi yaran makarantarka, sai na ga wanda zai tashi kamar ni da wanda ba zai tashi ba. Hannuna ya ƙi, Baba. Ka yi mani hukuncin da ka ga dama, amma hannuna ya ƙi."

Inna Atika ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Ummaru ɗan fari ne, ko yana raye ba su kama sunansa, bayan ya rasu kuwa ba a ƙara jin sunan a tsakar gidan ba sai yau.

A hankali Malam ya ɗago. Ya dubi fuskar ɗiyarsa, ya daɗe yana dubawa, tun daga goshi har haɓa. Tasbahar ta tsaya a hannunsa.

"Idonki irin nasa ne," ya ce. "Na manta."

Ya share gemu, ya gyara murya, ya koma Malam ɗin da aka sani.

"Laifi kin yi shi. Gobe za ki bi gidajen nan ɗaya ɗaya ki gaya wa iyayen yara gaskiya, ki nemi gafara. Uwarki za ki fara roƙo. Ni kuma na saurari zato a zaurena, na kusa ɗaukar alhakin bawan Allah a kan maganar da ba shaida. Wannan nawa ne. Yanzu a kira mani yaron nan."

Kafin rana ta faɗi zaure ya cika. Hashimu yana nan, dattawan unguwa suna nan, har mijin Larai, wanda ya ce Safiyatu dai jikin ya ɗan yi sanyi, ta nemi fura. Shafa'atu da Inna suna bayan danga. Maude ya tuɓe takalma tun daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofa da akwatinsa.

Malam ya faɗi abin da ɗiyarsa ta yi, bai rage komai ba. Zaure ya ɗauki salati. Hashimu ya gyara zama.

"Allah gafarta Malam, ko da hakan ne, wa ya san abin da ke cikin kwalbar? Yaran dai ga su kwance."

"Ka yi tambaya mai kyau, Hashimu. Ni ma ban sani ba. Kuma ban saba yin hukunci a kan abin da ban sani ba, sai yau." Ya juya wajen ƙofa. "Mamuda."

Maude ya zabura. Wannan ne karo na farko da Malam ya kira shi da sunan yanka.

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Ado bai taɓa kama ni ba. Abin da ka sa wa yaran makarantata, da sauransa?"

"Da saura."

Malam ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya miƙa damtse.

"Matso ka sa mani. Ba zan kwana lafiya yara suna masassara a kan abin da ban ɗanɗana ba. Ba kuma mai kawo lemu kusa da ni. Hashimu, in kana so a yi maka, ga wuri."

Hashimu ya ce ai shi jakinsa bai sha ruwa ba tun safe. Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Maude ya matso da gwiwa. Ya buɗe akwati, ya goge 'yar wuƙar, ya ɗauko kwalba. Ya kai hannu zai kama damtsen Malam, sai hannun ya tsaya a sama. Mutumin da ya tsaga yaran ƙasar nan kaf ko gezau, ga shi zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Shafa'atu ta leƙa ta ramin danga.

"Me kake jira?" in ji Malam.

"Allah gafarta Malam, ba zan iya ba. A bari in je Batsari in kira abokin aikina."

"Saboda me?"

Maude ya sunkuyar da kai har ya kusa taɓa tabarma. Muryarsa da ƙyar ta fita.

"Da kunya. Yaya zan kama jikinka, har in fitar maka da jini? Mahaifinta ne kai."

Malam ya dube shi, gefen gemunsa ya ɗan motsa.

"Kunyar suruki kake ji? Wa ya gaya maka ni surukinka ne? Ni ban karɓi goron kowa ba tukuna." Ya ƙara miƙa hannun. "Yi maza ka tsaga tun kana da dama, yaro. In ɓawon nan ya faɗi ina raye, dattawanka suka dawo daga Safana, ko inuwata ba ka ƙara takawa, balle ka taɓa mani damtse."

A bayan danga Shafa'atu ta toshe bakinta da mayafi. Inna Atika ta ɗaka mata duka a kafaɗa, sa'an nan ta jawo ta jikinta ta rungume.

Maude ya ce bismillahi, ya kama damtsen.